Adaidaita sahu zai kai shekara ashirin nan gaba? Amsa ga dattijon da ke shirin zuba giratutinsa a harkar sufuri

Tambayar daga Kano ta zo. Wani dattijo ne ya yi ritaya, an biya shi giratuti, yana son ya sayi adaidaita sahu guda biyu ya ba direbobi su riƙa kawo masa balas. Ɗansa da ke jami'a ya ce kada ya soma, wai nan da 'yan shekaru motoci masu tuƙa kansu da na lantarki za su kori adaidaita daga titi. Maƙwabcinsa kuma ya ce jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa dogo ne zai kashe kasuwar. Shi ne yake tambaya: wa ya fi gaskiya a cikinsu, kuma yaya zirga-zirgar talaka za ta kasance nan da shekara ashirin?

Alhaji, Allah ya sanya albarka a abin da aka samu, ya sa an huta lafiya. Ɗanka yana da rabin gaskiya, maƙwabcinka yana da ɗan abin da bai kai rabi ba, amma abin da ya fi zama barazana ga jarinka babu wanda ya ambata a cikinsu. Zan zo kansa, sai dai ka yi haƙuri mu bi ta doguwar hanya.

Aikina ya daɗe yana haɗa ni da ƙidayar ababen hawa a shataletale da kuma tsayar da fasinja a tasha ana jin ra'ayinsu. Idan ka tambayi mutane yadda suke hangen tafiye-tafiye a gaba, amsar takan bi aljihun mai ba da ita. Matashi mai babbar waya zai kawo maka abin da ya gani a TikTok: mota mai tashi sama, tasi marar direba, jirgin da ke ratsa tsakiyar Dubai. Ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi ba ya zuwa da nisa haka, burinsa kowa ya mallaki motarsa, a ƙara gadojin sama, cunkoso ya ƙare. Sai ka zo kan matar da ke kai yara uku makaranta, ko leburan da ke tashi daga Rijiyar Lemo zuwa Sharaɗa kullum. Waɗannan ba sa ma ambaton na'ura. Abin da suke cewa shi ne a samu abin hawan da kuɗinsa ba ya canzawa tsakanin safe da yamma, wanda ba za a cusa mutum biyar a kujerar mutum uku ba, wanda mace za ta shiga bayan isha'i ba ta fargabar a ƙwace mata waya. A ganina hasashen wannan rukuni na ƙarshe ya fi na kowa kusa da abin da ke faruwa, domin su suke biyan kuɗin motar, kuma abin da aljihunsu ya iya ɗauka shi yake zama a kan titi.

Duba tarihin garinka, ai ka fi ni saninsa. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 tasi da bas ne sufurin cikin Kano, daga baya hayis ta mamaye. Da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari masu haya, sai achaɓa ya cike gurbin. Shigowar baburan Sin masu araha irin su Jincheng a farkon shekarun 2000 ta sa duk saurayin da ya tara 'yan kuɗi ya zama ɗan achaɓa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku domin ɗaukar mata, a ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, kuma shekaru da dama yana nan a gefe, ba shi ne ke riƙe da gari ba. Sai ranar 19 ga Janairun 2013 aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, cikin 'yan kwanaki gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur. Cikin shekara guda launin titunan Kano ya koma ruwan ɗorawa. Da a 2012 ka tambayi mutum dubu abin da za su riƙa hawa bayan shekara uku, da wuya ka sami goma da za su ce adaidaita. Kuma abin da ya zo ɗin ba sabuwar fasaha ba ce, kamfanin Piaggio ya fara ƙera irinsa a Italiya tun 1948, Indiya kuma ta shafe gomman shekaru tana hawansa kafin ya iso mana. Faɗuwar naira, arahar kaya daga waje, da sa hannun gwamna a kan takarda ɗaya, su suka sauya yadda miliyoyin mutane ke zuwa kasuwa.

Na baya-bayan nan kuwa kowa ya ji a jikinsa. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Masu motoci suka jingine su a gida suka koma babur, masu hawa adaidaita suka fara yin rabin tafiyar a ƙasa don a rage musu kuɗi, jihohin Kwara da Edo har rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis suka yi zuwa uku a mako. Babu wata ƙirƙira daga Amurka ko Sin da ta taɓa sauya zirga-zirgarmu cikin wata guda kamar yadda wannan sanarwa ta yi.

To mu zo kan maganar ɗanka. Motar da ke tuƙa kanta gaskiya ce, ba tatsuniya ba. Kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a birnin Phoenix na Amurka tun 2020, ya kuma faɗaɗa zuwa San Francisco da wasu birane, a Sin ma kamfanin Baidu yana yin irin haka a Wuhan. Mutane sukan ce abin da zai hana ta aiki a nan shi ne ramuka da rashin zanen layi a titi da ƙurar hunturu da ke rufe idon na'ura. Duk haka ne, amma waɗannan matsaloli ne da injiniyoyi za su iya shawo kansu wata rana. Babban dalilin na lissafi ne. A Amurka ladan direba shi ne kaso mafi tsoka a kuɗin da fasinjan tasi ke biya, saboda haka duk wanda ya cire direba ya ci riba. A Kano direba shi ne abu mafi araha a cikin harkar. Mai ne da kayan gyara da farashin dala suke cinye kuɗin. Wa zai sayo na'urorin da suka ninka kuɗin adaidaita sau da yawa don ya kori yaron da ke komawa gida da dubu huɗu ko biyar? Ban da haka, tuƙi ɗaya ne kawai daga ayyukan ɗan adaidaita. Shi ke ɗora buhu ya sauke, shi ke ciniki da neman canji, shi ya san gidan da aka kwatanta da "bayan masallacin Juma'a, lungu na biyu, mai jan ƙofa", shi iyaye ke damƙa wa 'ya'yansu ya kai Islamiyya ya dawo da su don an san gidansu. Wannan ɓangaren ka cire shi daga lissafinka gaba ɗaya. Mota mai tashi sama kuwa, ko a ƙasashen da ake gwada ta, abin masu hannu da shuni ce.

Inda yaron ya yi gaskiya shi ne lantarki, kuma a nan zan daɗe, domin nan kuɗinka zai iya maƙalewa.

Mutanenmu idan aka ce motar lantarki, Tesla suke hangowa. Amma abin hawan lantarkin da ya fi ɗaukar talaka a duniya yau ƙafa biyu ne da ƙafa uku. A Indiya, inda Bajaj da TVS ɗin da kake shirin saya suke fitowa, fiye da rabin sababbin masu ƙafa uku da ake sayarwa yanzu na caji ne, kuma ba gwamnati ce ta fara tura su ba, ƙananan masu haɗa su ne a unguwanni da direbobin da suka ga ribar. A Ruwanda kamfanin Ampersand, a Benin da Togo kuma Spiro, sun kafa wuraren da ɗan achaɓa zai miƙa batirin da ya ƙare a ba shi cikakke cikin 'yan mintuna. A gida ma, Maiduguri ta riga kowa a Arewa: injiniya Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta fito da tasi da bas na lantarki da na gas a ƙarshen 2023. Farashin batirin lithium ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari daga 2010 zuwa yau, shi ya sa duk wannan ya yiwu.

Ga lissafin a sauƙaƙe, ka gyara alƙaluman da farashin ranar da kake karantawa. A ce adaidaita yana yin kilomita 120 a wuni. Idan injinsa lafiya lau yake, zai sha lita huɗu zuwa biyar. A naira 900 kowace lita, ka ce 4,500, ban da baƙin mai da fulogi da sabis. Na lantarki mai irin wannan girman yakan yi wajen kilomita goma da yunit ɗaya na wuta, wato yunit 12 a wuni. Ko da kuɗin wutar rukunin Band A mafi tsada aka yi lissafi, wanda aka kai naira 225 a Afrilun 2024, abin bai wuce 2,700 ba, kuma babu juyen baƙin mai, babu kaburetar da za ta toshe. Bambancin kusan dubu biyu a kullum ga mutumin da ribarsa ba ta wuce dubu biyar ba, ba ƙaramin abu ba ne. Ranar da direbobi suka tabbatar da wannan da idonsu, ba sai an yi musu wa'azin sauyin yanayi ba.

Sai dai akwai ƙulli uku da ba a kwance ba tukuna. Na farko wutar kanta. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, ga layin ƙasa da ke faɗuwa lokaci bayan lokaci. Wanda zai yi caji da janareto ya mayar da ribar gidan mai ta bayan gida. Na biyu batir: shi ne kusan rabin kuɗin abin hawan, zafin Afrilu da Mayu yana rage masa kwana, kuma kasuwa cike take da masu arahar da ke amfani da batirin ruwa irin na inbata, wanda da wuya ya wuce shekara ɗaya da rabi a aikin haya. Mai sayarwa ba zai gaya maka wannan ba sai ka tambaya. Na uku bakanike. Adaidaitan fetur ko a ina ya mutu, akwai mai gyara a tsallaken titi, kayansa kuma suna nan jibge a kasuwa. Na caji idan kwakwalwarsa ta ƙone, sai ka jira wanda ya shigo da shi.

Akwai wani tunani da nake yawan ji a majalisa, wai tunda Allah ya hore mana rana, a kafa faifan sola a rufin adaidaita ya yi ta tafiya kyauta. Ina ma haka ne. Rufin ba zai ɗauki fiye da faifai mai wat 300 zuwa 400 ba, wanda a wuni mai kyau zai tara yunit ɗaya da rabi zuwa biyu. Tafiyar kilomita 15 zuwa 20 ke nan cikin 120. Taimako ne, amma ba ya riƙe sana'a. Solar da za ta yi aiki ita ce wadda aka shimfiɗa a rufin babbar rumfa, tana cajin batura da yawa, direba ya zo ya musanya ya wuce. Duk garin da ka ga irin waɗannan rumfuna sun kai yawan da direba ba ya fargabar mutuwar batir a Ɗorayi ko a Hotoro, to a garin adaidaitan fetur ya fara tsufa, kuma farashinsa na kwance zai faɗi da sauri. Ina sa ran hakan a manyan biranen Arewa cikin shekara biyar zuwa goma, ba gobe ba.

Gas ɗin CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023 yana da arha, amma mu a nan sai an ɗauko shi a mota daga Kudu, gidajen sayar da shi kuma ba su da yawa. Abin da zai sauya wannan shi ne bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Idan gas ya fara isowa ta cikinsa, juya injin adaidaita zai zama abin dubawa. Gargaɗi ɗaya kawai: CNG ba gas ɗin girki ba ne, ana matse shi da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin matsi na bar, tukunyar da mai walda ya haɗa ba ta ɗaukarsa. Fashewar da aka yi a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024 daga irin wannan tukunya ta samo asali.

Maƙwabcinka kuma ya haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Dogon da ake shimfiɗawa daga Kaduna zuwa Kano, da wanda aka ƙaddamar a 2021 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, na tafiya tsakanin gari da gari ne. Waɗanda ya kamata su damu su ne masu Sharon da Golf da ke lodi a Unguwa Uku, da masu tirelolin da ke jigilar kaya zuwa Nijar. Jirgi ba ya kai kowa ƙofar gida. Je ka tashar jirgin Rigasa da ke Kaduna ka gani: tun da aka buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a Yulin 2016, duk jirgin da ya tsaya sai ya zubo ɗaruruwan mutane masu neman abin da zai ƙarasa da su cikin gari. Tashar jirgi kasuwa ce ga ɗan adaidaita. Sannan mu riƙa tuna cewa shimfiɗa dogo daban, tafiyar jirgi daban. An ƙaddamar da layin Yamai zuwa Dosso a farkon 2016 da gagarumin biki, ga ƙarfen nan a kwance, bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Layin Kaduna ma bayan harin 28 ga Maris 2022 sai da ya yi wata takwas a rufe.

Jirgin cikin gari shi ne zai iya taɓa adaidaita, kuma tun zamanin Ganduje ake maganarsa a Kano. Amma ka auna da Legas, wadda ta fi kowace jiha kuɗi: ta shafe fiye da shekara goma tana gina Blue Line, kuma abin da ta buɗe a Satumbar 2023 kilomita 13 ne, daga Marina zuwa Mile 2. Na Abuja an buɗe shi a 2018, ya tsaya a 2020, sai a Mayun 2024 ya dawo. Ko an yi shi a Kano, layi ɗaya ne ko biyu, kuma masu saukowa daga cikinsa adaidaita za su nema.

Yanzu ga abin da babu wanda ya gaya maka. Abin da ya ɗora adaidaita a kan titi shi ne zai iya sauke shi, wato umarnin gwamnati. Abuja ta kori achaɓa daga tsakiyar birni a 2006, ta taƙaita keke a 2019. Legas ta hana babur da keke a manyan yankunanta a Fabrairun 2020. A Kano ɗin ma an hana adaidaita aiki daga ƙarfe goma na dare a Yulin 2022, sannan a ƙarshen Nuwambar shekarar aka sanar da hana shi bin wasu manyan tituna, aka janye da jama'a suka yi ca, domin motocin da aka ce za su maye gurbinsa ba su isa ba. Ka lura da dalilin janyewar. Ba don an gane adaidaita ya dace da babban titi ba ne, don babu madadinsa ne. Ranar da wata gwamnati ta samar da madadin, umarnin zai dawo kuma zai zauna.

Kuma, Alhaji, ko da yake ba zai yi maka daɗin ji ba, a matsayina na mai wannan aiki ina ganin ya kamata ya dawo. Bas guda mai ɗaukar mutum 60 tana kwashe abin da adaidaita 15 za su ɗauka, a filin da bai kai na guda biyar ba. Hannu ɗaya na titi idan ƙananan motoci ne a kansa, mutum wajen dubu biyu yake wucewa da su a awa. Idan aka keɓe shi ga bas zalla, zai iya wucewa da ninkin haka sau biyar ko fiye. Wannan ba sabon ilimi ba ne. Curitiba ta Brazil ta fara a 1974, Bogota ta bi a 2000, Legas ta buɗe nata a 2008, Dakar kuma ta fara aiki da bas na lantarki zalla a kan keɓaɓɓen hannu a 2024. Titin Zariya, titin Katsina, titin Gwarzo da titin Haɗeja duk sun isa a yi musu haka. Abin da ke hanawa ba kuɗin sayen bas ba ne, gwamnatoci sun sha sayowa suna mutuwa a gareji cikin shekara uku. Abin da ke hanawa shi ne ƙarfin halin ƙwace hannu ɗaya daga masu motoci, da tsarin da zai sa kuɗin tikiti ya koma gyara maimakon aljihu, da kuma abin da za a yi da dubban matasan da ke ci daga adaidaita. Yajin aikin da suka yi a 2021 da 2022 kan harajin KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, ya nuna wa kowa cewa idan suka ajiye makulli, gari ya tsaya.

Mafarkin da na fi jin tsoro ba na yaro mai waya ba ne, na ma'aikacin nan ne mai son kowa ya samu motarsa, domin masu yanke hukunci irin mafarkinsa suke yi. Shi ya sa kowace gwamnati take auna kanta da yawan gadar sama: Ƙofar Nasarawa, Gadar Lado, Dangi, Hotoro, ga Ɗan'agundi da Tal'udu. Gada tana warware mahaɗa ɗaya ta tura cunkoson zuwa ta gaba. Birnin Houston ya faɗaɗa babbar hanyarsa ta Katy a 2008 har ta haura hannu ashirin, bayan 'yan shekaru tafiyar safe da yamma ta fi da daɗewa, saboda sabon fili yana kiran sababbin motoci. Akwai kuma wani abu da masanin Italiya Cesare Marchetti ya rubuta a 1994: mutum a ko'ina yakan ware wa zirga-zirga wajen awa ɗaya a wuni, idan abin hawa ya ƙara sauri ba ya ajiye lokacin, sai ya ƙara nisa. Ka ga shaida a gida. Mutanen da iyayensu ke tafiya Kurmi a ƙasa daga cikin badala, yau suna kwana a Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Jaba da Mariri, suna kashe abin da ya kai sulusin samunsu a hanya. Gari yana ta faɗi, lungunan sababbin unguwanni babu kwalta, bas ba za ta shiga ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake cewa ƙaramin abin hawa mai ƙafa uku ba zai ɓace ba ko an kore shi daga babban titi. Zai koma ciyar da babban titin ne daga cikin unguwa.

Wani abin takaici, hanyar tafiyar da ta fi kowace yawa a garuruwanmu ita ce ƙafa, amma ban taɓa jin wanda ya sa ta a cikin hasashensa ba, har da masu yin ta kullum. Gefen titin da aka yi don masu tafiya ya zama wurin kasa kaya da ajiye mota, itatuwan da ke ba da inuwa an sare su wajen faɗaɗa hanya. Keke kuma, wanda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka yi alfahari da shi a zamanin Raleigh, ya zama alamar rashi, alhali Kano shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudu babu gangare. Ƙananan baburan caji da ake ƙara gani yanzu, har a hannun mata da ɗalibai, wataƙila su ne za su dawo wa ƙafa biyu da mutuncinta.

Idan ka matsa mini in faɗi yadda nake hangen shekara ashirin, to ga shi: adaidaita yana nan amma mafi yawansa na batir ne, an tura shi cikin unguwanni, manyan tituna biyu ko uku suna da bas a keɓaɓɓen hannu, biyan kuɗi ya koma ta waya ko kati, jirgi yana zuwa Kaduna da Katsina idan an riƙe tsaro da gyara, direba kuma mutum ne ɗan'uwanka.

Amma kai ba shekara ashirin ce ta dame ka ba. Adaidaitan haya, idan an dace da direba, yakan mayar da kuɗinsa cikin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, bayan shekara huɗu kuwa ya zama na kwance ko da me aka ƙirƙiro a duniya. Saboda haka tambayarka ta shekara uku ce, kuma a cikin shekara uku na fetur ba zai rasa fasinja a Kano ba. Shawarata ka sayi ɗaya, ba biyu ba, ka riƙe sauran kuɗin. Giratuti ba ya zuwa sau biyu, kuma masu asara a wannan harka yawancinsu ba fasaha ce ta kayar da su ba, direba ne da sata da haɗari. Ka fi samun kwanciyar hankali idan ka bayar da shi a kan yarjejeniyar biya kaɗan-kaɗan har ya zama na direban, domin wanda ya san abin zai zama nasa ba ya gudu da shi a kan ramuka. A rubuta a gaban shaidu, a kawo mai tsaya masa wanda ka san gidansa, a sa na'urar bin sawu, a yi rajista da takardu da sunanka har ranar da ya gama biya, a kuma fayyace wanda zai ɗauki gyaran inji da wanda zai ɗauki tara idan an kama.

Na biyun ka jinkirta shi shekara guda. A cikin wannan lokaci ka aiki ɗan naka, tunda shi ne mai sha'awar lantarki, ya nemo direbobin da suka riga suka yi wata shida ko fiye suna aiki da na caji, ba dillalan da ke sayarwa ba. Ya tambaye su kilomita nawa batirin ke yi yanzu idan aka kwatanta da ranar da aka saya, ina suke caji idan babu wuta kuma nawa suke biya, kwana nawa abin ya taɓa yi a ajiye don rashin kayan gyara, sannan batirin na lithium ne ko na ruwa, garantin shekara nawa aka rubuta musu a takarda. Idan amsoshin sun yi daɗi, na biyun ya zama na caji.